Aikin rewaya a motocin tseren laka na Amurka

A ƙauyukan tsakiyar Amurka, daren Asabar na tseren mota ne. Filayen ba na kwalta ba ne. Jan yumɓu ko baƙar ƙasa ake shimfiɗawa a zagaye, a jiƙa da ruwa, a daddaɓe, sannan motoci su yi ta kewayawa hagu, bayansu na zamewa a kowace kwana. Filayen da suka fi shahara su ne Eldora a jihar Ohio, wanda Earl Baltes ya buɗe a 1954, Tony Stewart kuma ya saya a 2004, da Knoxville a jihar Iowa, inda ake babbar gasa tun 1961. Zagaye ɗaya a kowannensu rabin mil ne, wato kimanin mita 800.

Ɗan kallo inji yake ji, taya yake gani. Amma sau da yawa motar da ta mutu ana saura zagaye biyu ba injinta ne ya fashe ba. Waya ce guda ta saki.

Dalili a fili yake. Da farkon dare ƙasa na da danshi, taya na cilla curin laka cikin kowace kafa ta mota. Kafin tsakar dare ta bushe, ta yi ramuka da ƙura, motar na ta jijjiga. Washegari kuma a sa mata ruwa mai ƙarfi don fitar da taɓo. Jijjiga, laka, ruwa: su ukun nan ne ke cin waya. Shi ya sa mai haɗa irin wannan mota yake fara aiki da cirewa. Babu fitilun gaba, domin fitilun fili sun wadatar. Babu hon, babu na'urar sanyi, babu mai share gilashi tunda gilashin ma babu shi. Abin da ya rage batir ne, da kik, da koyil da akwatin wutar da ke ba shi umarni, da 'yan agogunan da ke nuna matsin man inji da zafin ruwa da juyin inji.

Wasu har altaneta suke cirewa, saboda tana ɗan cin ƙarfin inji kuma belinta na iya tsinkewa. Sai su cika batir kafin kowane tsere, su dogara da shi har ƙarshe. Inda doka ta yarda, akan sa batir mai volt 16 maimakon 12, don ko ya fara rauni fulogi ya ci gaba da samun wuta mai kyau. Ƙungiyar shirya tsere ta IMCA kuwa, wadda tarihinta ya faro tun 1915, ta tsaya kan volt 12 a motocinta na ajin Modified, kuma ta ce dole mota ta iya tashi da kanta ba tare da turi ba.

Batir ba ya zama kusa da inji kamar na motar gida. Ana kai shi baya, tsakanin ƙarafan shasi, don nauyinsa ya taimaka wa tayoyin baya su kama ƙasa, don kuma ya tsira idan an yi karo. To amma nisa na da farashi. Kik na iya jan amp 200 ko fiye a lokacin tayarwa. Idan doguwar wayar da mahaɗanta suna da turjiyar ohm 0.01 kacal, volt biyu sun salwanta kafin wuta ta isa inda za ta. Don haka ake sa waya mai kaurin yatsa, ba don ado ba.

Ni a ganina, wayar da aka fi raina ita ce ta komawa, wadda wuta ke bi ta dawo batir. A motar gida bodi ne ke wannan aikin. A motar tsere shasin yana shafe da fenti mai kauri, bodin kuma siririn alminiyam ne da aka ɗaura da ƙusa. Wanda ya ɗaure waya a kan fenti ya ɗaure ta a banza. Ƙwararru sukan kankare wurin har ƙarfe ya fito, ko su ja waya ta musamman daga batir kai tsaye zuwa jikin inji da akwatin wuta. Matsalar wannan waya ba ta bayyana a gareji. Sai inji ya kai juyi dubu bakwai sannan ya fara tari, bakanike ya kwana yana kwance kafireta alhali ba ta da laifi. Duk mai rewaya na Kano ko Maraɗi ya san wannan ciwon.

Akwai kuma gardamar liƙi. Dalma tana riƙe waya da kyau, amma tana bin cikin silin tagullar ta sandare, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan jijjiga ke karya ta. Saboda haka da yawa sun fi son a matse kan wayar da filaya ta musamman, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, a kuma yi amfani da mahaɗai masu toshe ruwa irin su Deutsch da Weather Pack. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai an sa mata zoben roba. Kuma ba a haɗa hanya tsakanin wayar fulogi, mai ɗauke da dubban volt, da siririyar wayar da ke gaya wa akwatin wuta lokacin tartsatsi. Idan suka jeru, babbar na zuba hayaniya cikin ƙaramar, wuta ta tashi ba a kan lokaci ba.

Makunnin kashe komai shi ne abin da doka ba ta wasa da shi. Dole ya kasance inda hannun direba zai kai yana ɗaure da bel, a kuma rubuta masa alama ƙarara don masu ceto. A nan akwai tarko: idan motar na da altaneta, aka yanke batir kawai, altaneta za ta ci gaba da ciyar da koyil, inji ya ƙi mutuwa. Sai an kai wayar cajin ɓangaren batir na makunnin. Ka ƙaddara mota ta kife, mai na zuba, inji kuma na ruri.

Motocin da ake kira sprint, masu ƙaton fiffike a kai, sun kai tunanin cire kaya ƙarshe. A gasar World of Outlaws, wadda Ted Johnson ya kafa a 1978, injin lita 6.7 ne mai ƙarfin doki kusan 900, yana shan metanol, motar kuma har da direba ba ta wuce kilo 650 da yawa ba. Babu kik, babu kuloci. Wata mota ce ke turo ta daga baya har ta kama. Wutar fulogi daga magneto take fitowa, wanda ke haifar da wutarsa da juyin inji, kamar ƙaramin janareta da ake ja da igiya. Kashe tsohon samfurin magneto kuwa a juye yake: ba yanke masa wuta ake yi ba, haɗa shi ake yi da jikin ƙarfe. Idan wayar kashewar ta tsinke, makunni ya zama ba shi da amfani, sai dai direba ya rufe famfon mai.

Masu duba motoci ma waya suke bi. An haramta na'urar da ke rage wa inji ƙarfi da kanta idan taya ta fara sulɓi, domin sarrafa totur a kan busasshiyar ƙasa shi ne gwanintar da ake gasa a kai. Irin wannan na'ura ƙarama ce, ana iya ɓoye ta cikin damin wayoyi ko a akwatin wuta. Shi ya sa dokokin wasu ƙungiyoyi suka ce kowace waya ta kasance a bayyane, yadda mai dubawa zai bi ta da ido daga tushe zuwa ƙarshe, kuma jami'ai na iya karɓe akwatin su tafi da shi gwaji bayan tsere.