Jijiya Mai Yawo Da Cututtukanta

A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ke ɗaukar jini, akwai kuma masu kai saƙo kamar wayar tangaraho. Cikin masu kai saƙo, guda 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe. Ta 10 ita likitoci ke kira begas, watau "mai yawo" da harshen Latin, domin ta fi sauran nisan zango. Takan sauko ta wuya, dama da hagu, ta ratsa ƙirji har cikin ciki. Ita ke rage saurin bugun zuciya, ita ke sa tumbi ya tura abinci gaba, kuma da ita ake magana da haɗiya. Idan ta sami matsala, alamu uku ne aka fi gani.

Suma

Tsayuwa mai tsawo cikin rana, ko tsoro, ko ganin jini ko allura, sukan zaburar da jijiyar nan ta wuce kima. Sai zuciya ta rage gudu, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa sosai. Mutum yakan ji jiri da gumi da tashin zuciya, idonsa ya yi duhu, sa'an nan ya faɗi. Wannan shi ke yawan kayar da 'yan makaranta wurin fareti. Irin wannan suma ba farfaɗiya ba ce, ba kuma a ɗaukarta daga wani.

Wanda ya ji alamar, ya kwanta nan da nan. Wanda ya riga ya faɗi kuwa, a kwantar da shi rigingine a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi. Kada a zaunar da shi, kada kuma a ɗura masa ruwa ko manja, domin suna iya shiga huhu su halaka shi. Yawanci yakan farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu.

Dushewar Murya

Wani reshe na jijiyar shi ke motsa maƙogwaro. Na hagu yakan sauka har cikin ƙirji kafin ya juyo sama, saboda haka ƙari a huhu yana iya danne shi. Haka nan ƙari a wuya, ko aikin tiyata na maƙoƙo, suna iya taɓa shi. Murya sai ta dushe, mutum ya riƙa ƙwarewa in yana shan ruwa. Dushewar mura takan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma wadda ta haura mako 3, lalle ne likita ya duba ta, tun ba ga mai shan taba ba.

Nawar Tumbi

Mai lafiya, tumbinsa kan sauke yawancin abinci cikin awa 4. Ciwon sukari da aka daɗe ba a kula da shi ba yana lalata jijiyar a hankali, sai abinci ya riƙa kwana a tumbi. Mutum yakan ƙoshi da loma kaɗan, cikinsa ya kumbura, ya yi aman abin da ya ci tun da daɗewa. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da rage maiƙo, da kiyaye maganin sukari, suna kawo sauƙi.

Lokacin Zuwa Asibiti

A gaggauta kai mutum asibiti idan ya suma yana cikin aikin ƙarfi ko yana kwance, ko sumar ta zo da ciwon ƙirji, ko ya wuce minti 2 bai farfaɗo ba. Haka kuma idan tsoho ne ko mace mai ciki, domin a nan ana tsoron ciwon zuciya ko zubar jini. Cutar da aka gano da wuri ta fi sauƙin magani, ta kuma fi sauƙin kuɗi.