Yadda Za a Toshe Giɓin Danga a Bar wa Kyanwa Hanya

Duk mai ɗan lambu a bayan gida ya san akuya ba ta neman ƙofa. Giɓi ɗaya a jikin danga ya ishe ta, kafin a idar da sallar la'asar ta gama da zogale da alayyafo. Shi ya sa da an ga kafa sai a yi maza a toshe ta ruf. Sai dai sau da yawa kafar nan ita ce hanyar kyanwar gida, kuma kyanwar ce ke hana ɓera sakewa a lambu da rumbu. In aka toshe, ko dai ta daina zuwa, ko ta riƙa haurawa tana karya karan dangar har ta buɗe wani giɓin.

Dabarar ita ce a rage kafar ta zama daidai jikin wadda ake son ta wuce. Kyanwa ba ta buƙatar wuri mai yawa, domin ƙashin kafaɗarta ba a manne yake kamar namu ba; inda kanta ya shiga, galibi sauran jiki zai bi. Kafa mai faɗin santimita 15 da tsayin santimita 15 ta wadatar da yawancin kyanwowi, kuma babbar akuya ba za ta ratsa ta ba. Rariyar da magina ke bari a gindin katanga don ruwan wanka ma kusan haka take, kowa kuwa ya san kyanwa na bi ta nan.

Matsalar ita ce kaji da 'yan awaki sabbin haihuwa. Kafar da ke ƙasa, kaza za ta same ta tun kafin kyanwa, ta shiga ta tone shuka. Tsayi na rage wannan matsalar. A ɗaga kafar kamar mita ɗaya daga ƙasa, a kafa ɗan katako a ciki da waje inda kyanwar za ta dira. Tsallen mita ɗaya ba komai ba ne a wurinta. In kuma dole a ƙasa za a bar ta, a yanko roba daga tsohon tiyub na mota a rataya kamar labule. Kyanwa na koyon ture shi da kai, kaza kuwa ba kasafai take gwadawa ba. A ɗaure labulen a buɗe na 'yan kwanaki tukuna, a ajiye ɗan abinci a ɗaya gefen, sannan a sake shi.

Sauran giɓin a rufe shi da abin da ya fi ƙarfin akuya. Zana da kara suna da araha, amma akuya na soshe jiki da su har su kwanta. Wayar raga ta fi, in ramukanta ba su wuce santimita 10 ba, don kada akuya ta cusa kai ƙahonta ya maƙale. Dirka kuwa a nemi azara, gara ba ta cika cin giginya ba. Masu shafa wa itace baƙin mai su nisanta shi da ƙasar da ake shuka ganyen miya. Langa-langa da waya mai ƙaya ba su dace da bakin kafar ba, a ganina ko kaɗan. In ba makawa, a lanƙwasa bakin ko a rufe shi da katako, kada su yanke dabbar.

Barin hanya ga karen gida kuwa ya fi wuyar sha'ani. Duk kafar da ta ɗauki kare za ta ɗauki ɗan akuya, don haka gara a yi masa ƙaramar ƙofa mai sakata, a buɗe da dare bayan awaki sun shiga turke. Yana kuma haƙa, saboda haka a binne gindin wayar kamar santimita 30.

Wanda ke son shinge mai rai zai iya dasa aguwa ko bini-da-zugu a giɓin, tunda awaki ba su cika cin su ba. Amma a kula da yara: ruwan aguwa na ƙona ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne in aka ci.