Inda Ake Kafa Bawul a Bututun Ruwan Sanyi

Alhazan da Allah Ya nufa da ziyarar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sukan ba da labarin sanyin da ke fitowa daga gindin ginshiƙai alhali rana tana ƙuna a waje, amma ƙalilan ne suka san cewa ruwa ne ya ɗauko sanyin nan, daga wata tasha mai nisan wajen kilomita 7, ta bututan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙasa. Wannan hikima, wadda ta bunƙasa bayan Willis Carrier na Amurka ya fito da babban injinsa a 1922, ita ake bi a manyan asibitoci da otal-otal: inji ya sanyaya ruwa zuwa digiri 6 ko 7, famfo ya tura shi cikin murɗaɗɗen bututun kowane sashe, fanka ta hura iska a kansa, sa'an nan ya komo yana wajen digiri 12 a sake sanyaya shi.

To, shi ruwa inda ya sami sauƙi nan yake malala, kamar yadda manoman rani na Kadawa suka sani, in ba a tsare ƙofofin ruwa ba gonar kusa ta yi ambaliya, ta nesa ta kwana da ƙishi. Don haka aka yi bawul iri iri, ko wane da muhallinsa, wanda in aka saɓa masa, tsadar bawul ɗin ba za ta amfana kome ba.

Bawul mai sarrafa sanyi, wanda ke buɗewa da rufewa da kansa gwargwadon zafin ɗaki, galibi a bututun fita ake kafa shi, ba a na shiga ba. Dalili kuwa, idan ya matse a nan, murɗaɗɗen bututun zai zauna cike ƙarƙashin ƙarfin famfo, kuma da yake ruwa ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama, iskar da ta ɓuya ciki sai ta taso ta sami mafita, maimakon ta tare hanya ta hana sanyi wucewa. Kusa da shi ake sa bawul na daidaita rabo, wanda da shi ake auna hakkin kowane sashe. Sai dai ma'auninsa ba ya faɗin gaskiya face an bar masa miƙaƙƙen bututu, ninki biyar na faɗinsa kafin ruwa ya iso bawul ɗin da ninki biyu bayan ya wuce, domin ruwan da ya fito daga kwana a hargitse yake. A bututun shiga kuma a sa rariya, ta tare tsatsa da ɓurɓushin walda.

Famfo shi ma da nasa sharaɗi. A bakin fitarsa ake sa bawul mai hana ruwa komowa baya, don kada famfon da ke aiki ya juya wanda ke hutawa. Na bakin shigarsa kuwa a bar shi buɗe sarai, ba a rage ruwa da shi faufau, gama famfon da aka shaƙe sai kumfa ta riƙa fashewa cikinsa, yana ƙara, har ta cinye farfelarsa. Inda ake amfani da bawuloli masu ƙofa biyu, waɗanda kan iya rufewa gaba ɗaya lokacin hunturu, wajibi ne a bar wata hanyar ratse, domin babban inji, in ruwan da ke ratsa shi ya yi ƙaranci, yana iya daskarewa ya fasa bututansa. Mafitar iska a ƙololuwa, magudana a can ƙasa, wannan ba ya bukatar sharhi. Bawul na tsaro, mai saki in matsi ya wuce kima, shi kam ba ya halatta a sa wani marufi tsakaninsa da abin da yake tsaro.

Amma abin da na fi ganin ana sakaci da shi, wataƙila don shi ne mafi sauƙi, shi ne bawul na rufewa a gaba da bayan kowace na'ura. Ɗan kwangila ya rage guda biyu don tsimi, ran da bututun ɗaki guda ya tsiyaye sai a kashe sanyin asibiti duka, a zubar da ruwan da aka sa wa magani, marasa lafiya suna fifita. Wani kuma ya sa bawul ɗin, amma ya binne shi cikin silin ba ƙofar leƙawa, ko ya zaɓi mai gajeren wuya, wanda in an naɗe bututu da abin tsare sanyi hannunsa ya nutse ciki, har makaniki ya yage naɗin kafin ya murɗa. Daga ranar ƙarfen zai soma gumi, musamman da damina, yana ɗiga bisa silin har ya ruɓe, mai gida kuwa yana ta aika a duba masa rufi.