Ciwon Baya a Ofis: Kwanciya ko Motsi?

A gidaje da yawa akwai wanda yake fita ofis da safe, ya yini a kan kujera, ya komo da yamma dafe da ƙugu. Wani akawu ne, wata ma'aikaciyar banki ce, balle mu malamai da muke sunkuye a kan littattafan yara har dare. Ba mu yi huɗa ba, ba mu ɗauki buhu ba, amma baya ya hana mu sakat. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu, kuma ba ciwon da ya kai shi hana mutane ayyukansu.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsoron da yake biyo bayan ciwon. Mutum yakan ce ƙashinsa ya lalace. Sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar ɗansa, ya bar zuwa kasuwa, albashi kuwa ya ƙare a hoto da magani. To, cikin masu ciwon ƙugu goma, wajen tara ba a samun wata cuta ko karaya da za a nuna a ce ga dalili. Yawancinsu sukan ji sauƙi cikin 'yan makonni.

Ciwo kamar karen gadi yake. Yakan yi haushi in ɓarawo ya zo, amma karen da aka taɓa firgitawa, ko akuya ce ta gifta sai ya ta da unguwa. Haka jijiyoyin baya suke. In sun daɗe suna kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, ƙaramin motsi ma yakan ta da su. Rashin barci, da fargaba, da tunanin kuɗin makaranta, duk suna ƙara musu kaifi. Kada fa uwargida ta ce maigida raki yake yi. Ciwon na gaske ne, sai dai zafinsa ba shi ne ma'aunin ɓarna ba.

Hoton asibiti ma yakan ba da tsoro a banza. A 2015 waɗansu likitoci suka tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba su da ciwo ko kaɗan. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin ɗari guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwan bayansu ya soma nuna tsufa. Cikin 'yan shekara 80 kuwa, kashi 96 ne. Watau abin kamar furfura yake, tana zuwa da shekaru, ba ta kuwa ciwo.

Shi wannan guringuntsi kusan ba hanyar jini a cikinsa. Kamar soso yake, a matsa shi, a sake shi, da haka abinci yake shigarsa. Motsi ne yake yi masa wannan aiki. A birnin Helsinki na ƙasar Finlan an gwada ma'aikata 186 da ciwon ƙugu ya kama farat ɗaya, aka buga sakamakon a 1995. Waɗansu aka kwantar da su kwana biyu, waɗansu aka ba su atisayen baya, sauran aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawa. Na ƙarshen nan su suka riga warkewa, masu kwanciya kuwa suka zo a baya. Atisaye yakan nuna amfaninsa ne ga ciwon da ya daɗe, da kuma hana shi komowa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon da ya wuce wata uku. Ta goyi bayan motsa jiki da koya wa mai ciwo yadda ciwonsa yake, ta kuma ce kada a dogara ga ɗamarar ƙugu ko ƙwayoyi masu bugarwa, dangin tiramadol.

Me za a yi a ofis? Bayan kowane rabin awa ka miƙe, ko da na minti ɗaya ne. Ka dafa ƙugu, ka ɗan gantsare a hankali sau biyar. Ka tashi daga kujera ka koma sau goma ba tare da dafa tebur ba. In waya ta yi ƙara, amsa ta a tsaye. Fayil ɗin da za ka aiki masinja, kai shi da kanka. Ɗan ciwon da ya taso sa'an nan ya lafa ba dalilin dainawa ba ne, rage kaɗan ka ci gaba. A mako kuma a nemi minti 150 na tafiya da sauri, watau rabin awa sau biyar. A ganinmu shugaban ofis da ya ware minti goma domin ma'aikata su motsa tare ya fi wanda ya sayo kujeru masu tsada dabara, gama mutum ɗaya yakan ji kunyar miƙa a gaban jama'a, amma in kowa yana yi, ba mai kallon wani.

Akwai fa lokacin da ba a jira. In ƙafa ta soma rauni, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, a tafi asibiti a ranar. Haka nan in ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, gama tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuma kada su sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis sai sun ji daga bakin likita.