Shin Ko Kun San? Farfesar da Ta Shigar da Gajiyar Ma'aikaci Cikin Karatun Injiniya

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin fannin injiniyancin masana'antu ba ta taɓa yin digirin injiniya ba? Sunanta Lillian Moller Gilbreth, an haife ta a Oakland ta jihar Kalifoniya a Amurka a 1878. Adabin Ingilishi ta karanta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta kammala a 1900, kuma ita ce mace ta farko da jami'ar ta ba damar yin jawabi a bikin yaye ɗalibai.

Shi wannan fanni aikinsa tsara yadda ma'aikaci da na'ura da kayan aiki za su haɗu, aiki ya tafi ba a ɓarnatar da lokaci ko ƙarfi ba. A 1909 Jami'ar Penn State ta buɗe masa sashe na kansa ƙarƙashin Hugo Diemer. A wancan zamani maganar Frederick Taylor ake ji, mutumin da ke tsayawa da agogo a hannu yana ƙirga daƙiƙun da lebura ke ɗauka kafin ya gama aiki.

Ko kun san mijinta magini ne? Frank Gilbreth, wanda ta aura a 1904, bai je jami'a ba, da koyon jera jan bulo ya fara neman abinci. Ya lura magini na sunkuyawa ya ɗauko bulo, ya juya shi yana neman gefen da ya fi kyau, ya sake sunkuyawa ya ɗebo kwaɓi. Sai ya ƙera dandamalin da ake ɗagawa yayin da bango ke tashi, ya sa yaron magini ya jera bulon tun daga ƙasa, gefen kirki a sama. Motsin da ake yi a kan bulo ɗaya ya sauko daga 18 zuwa kusan 5, abin da mutum ke jerawa a awa ya tashi daga 120 zuwa 350.

Su biyun suka ɗauki kyamarar fim suka shiga masana'antu. Sukan ajiye agogo a gefen ma'aikaci yadda zai fito cikin hoton, wani lokaci su ɗaura masa ƙaramin ƙwan fitila a yatsa, hoton ya fito da zanen haske na duk hanyar da hannun ya bi. Da haka suka kasa aikin hannu zuwa ƙananan motsi 17, irin su miƙa hannu, kamawa, ɗagawa, nema da saki. Har ɗakin tiyata suka leƙa, inda suka ga likita na ɓata lokaci yana lalubar almakashi majinyaci na kwance a buɗe, suka ba da shawarar nas ta riƙa miƙa masa kayan aiki a tafin hannu.

Abin da Lillian ta ƙara shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ita tambayarta: shi wannan mutum da ake auna motsinsa, yaya jikinsa da ransa suke idan an tashi aiki? Littafinsu Fatigue Study na 1916 kan gajiya ne kacokan: kujerar da ta dace da tsayin tebur, isasshen haske, hutu a tsakiyar aiki, da akwatin da ma'aikaci zai jefa shawararsa. Yau ɗaliban fannin na karanta waɗannan a aji, amma a lokacin masu masana'antu da dama kallon shagwaɓa suke yi musu.

Shin ko kun san an ɓoye cewa mace ce a bangon littafinta? The Psychology of Management ya fito a 1914 da sunan L. M. Gilbreth, saboda masu ɗab'in sun ji tsoron maza ba za su saya ba. A 1915 ta sami digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam daga Jami'ar Brown. Daga 1913 kuma, shekara huɗu a jere, ita da mijinta sun riƙa buɗe makarantar bazara kyauta a Providence, malaman jami'o'i na zuwa su koyi nazarin motsi su koma da shi azuzuwansu.

A watan Yunin 1924 zuciyar Frank ta buga a tashar jirgin ƙasa ta Montclair, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 11. Tun a 1912 mashaƙo ya ɗauke musu 'yarsu Mary. Kwanaki kaɗan bayan jana'iza ta shiga jirgin ruwa zuwa Turai, ta tsaya a madadinsa a taron duniya kan gudanar da aiki a Prag. Ko da ta dawo, kamfanoni da yawa sun janye kwangilolinsu, wai mace ba za ta iya masana'anta ba. Sai ta mai da gidanta aji, kamfanoni na turo ma'aikatansu tana koyar da su. 'Ya'yan nan 11 duk sun gama jami'a.

Da aka rufe mata ƙofar masana'anta, ta koma kicin da ilimin nan nata. A 1929 ta nuna tsarin kicin inda murhu da tebur da ma'ajiyar kwanuka ke kusa da hannun mai girki. Da aka gwada haɗa kek iri ɗaya a tsohon tsari da wanda aka gina bisa nata, takun ƙafa ya ragu daga 281 zuwa 45. Ita ake danganta wa kwandon shara mai buɗewa da taka ƙafa, da kantocin jikin ƙofar firiji. Daga baya ta tsara kicin domin masu ciwon zuciya da masu naƙasa.

Ko kun san sai da ta kai shekara 57 kafin ta sami kujerar farfesa? Jami'ar Purdue ta jihar Indiana ce ta ɗauke ta a 1935, mace ta farko da ta zama farfesa a tsangayar injiniya ta jami'ar, aka ba ta cikakken matsayin a 1940. Tana koyar da ɗaliban injiniya, tana koyar da na tattalin gida, tana kuma ba 'yan mata shawara kan sana'a, a shekarun da matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart ma ke irin wannan aiki a can. Ta yi ritaya daga Purdue a 1948, amma ba ta bar aji ba: a 1964, tana da shekara 86, tana ba da lacca a MIT.

A 1965 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka, a 1966 ta zama ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Hoover. Ta rasu ranar 2 ga Janairu, 1972, a Phoenix, tana da shekara 93, kuma a 1984 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotonta a jikin kan sarki na santi 40.