IN AN RAGE MAKA KWANAKIN AIKI

A unguwanninmu na Kawo da Unguwar Dosa da Unguwar Rimi mukan ji wannan labari. Maigida ya komo da rana tsaka, ya ce an gaya masa daga yau kwana uku kaɗai zai riƙa zuwa aiki a mako, albashi kuma an raba shi biyu. Ba a kore shi ba, amma kuɗin haya da na makaranta suna nan yadda su ke. Mu malamai mukan gane tun da wuri, gama yaro ya fara zuwa ba littafi, ba abin karin kumallo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kaduna. A farkon shekarun 1980 masaƙun Kakuri, a ƙetaren kogi, suka rasa auduga da kayan gyaran injuna, aka riƙa tura ma'aikata hutun dole. A watan Janairu 1984 ma'aikatan masaƙar KTL suka fito kan titi saboda rabin albashi. Da aka rufe masaƙar a 2002, sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu.

To, me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce sa'o'in aiki da yarjejeniya a ke tsai da su, ko tsakaninka da mai aikin, ko ta bakin ƙungiyarku. Watau ba shi da iko ya sake su shi kaɗai. Wajibi ne ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da fara aiki. In ka zo aiki lafiyarka ƙalau, shi kuwa bai ba ka abin yi ba, sai ya biya ka ladan wannan rana, in ba wata matsala ta gaggawa ta auku wadda ta fi ƙarfinsa ba. Ko a nan ma uzurinsa ba ya wuce mako ɗaya, sai da iznin jami'in ƙwadago. In sallama ce, wanda ya yi shekara 5 ko fiye a ba shi sanarwar wata guda. Manyan ma'aikatan ofis da ƙwararru ba sa cikin wannan doka, su takardar ɗaukarsu aiki ce madogararsu.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sa hannu a sabuwar takarda cikin gaggawa. Ka kawo ta gida, ku karanta da uwargida. Ka tambaya cikin ladabi, ragin na wata nawa ne, a kuma rubuta amsar. In ba ka yarda ba, ka faɗa a rubuce, ka ajiye kofi, domin wanda ya yi ta karɓar rabin albashi bai ce komai ba, za a ce ya yarda. Kada kuma ka bar aikin cikin fushi. Ka je wurin ƙungiyarku, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Kaduna. In abin ya faskara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Mu ma da mu ke da mai aiki a shago, wannan doka ta shafe mu. In ciniki ya ja baya, mu zauna da shi mu daidaita kafin mu taɓa ladansa.