Yadda Ake Gwada Shafin Intanet Domin Naƙasassu

Makaho ba ya kallon allon kwamfuta, saurare yake yi. Manhajoji irin su JAWS da NVDA su ne ke karanta masa rubutun shafi da murya. Idan suka iso kan hoto kuwa, sai su karanta ɗan bayanin da maginin shafin ya maƙala masa. In babu bayanin, abin da ke cikin hoton ya wuce makahon ke nan.

Domin magance irin wannan, ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG a shekarar 1999, ta kuma sabunta su a 2008, 2018 da 2023. Daga cikinsu akwai cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, sannan a sanya wa bidiyo rubutaccen zance domin kurame.

Akwai manhajojin da ke binciken shafi cikin daƙiƙoƙi, amma dogaro da su kaɗai kuskure ne. Za su iya tabbatar da cewa hoto yana da bayani, sai dai ba lallai su gane cewa bayanin shirme ne ba. Saboda haka masana kan ajiye linzamin kwamfuta, su zagaya shafin da maɓallin Tab kawai, kamar yadda mai shanyewar hannu zai yi. Daga nan sai a gayyato makaho, a ba shi aiki takamaimai, misali cike fom ɗin neman shiga jami'a, a zauna a lura da inda ya maƙale.